Sharhin Labarin Bincike: Yadda Ake Auna Littafi Ba Tare da An Fasa Ƙwai Ba

Akwai kuskuren da na taɓa tafkawa wanda har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. An yi wani zama na marubuta a nan cikin birnin Katsina, a ɗakin taron wata makaranta, aka ce ni zan yi sharhin sabon littafin wani ɗan'uwanmu. Labarin bincike ne. Kuɗin marayu aka sace a gidan wani attajiri, littafin tun daga farko har ƙarshe neman ɓarawon ake yi. Ya burge ni ƙwarai. Don tsabar son in nuna wa jama'a gwanintar da aka zuba a ciki, sai na tsaya ina warware yadda marubucin ya ɓoye mai laifin, na kama sunansa, har na faɗi shafin da aka fara nuna alamarsa. Aka yi tafi. Da aka tashi, wani dattijo mai sayar da littattafai da ya baje kayansa a bakin ƙofa ya jawo ni gefe, ya ce, "Malam, ai ka kashe mana kasuwa. Kwafi talatin na ɗauko. Wa zai saya yanzu, tunda ka karanta masu?" Marubucin kuwa bai ce mani uffan ba. Ya miƙo hannu muka gaisa, ya ce Allah ya saka da alheri, amma na ga sauran maganar a fuskarsa. Watanni ya kwashe yana ƙulla abin nan, ni kuma na kwance shi cikin minti goma da sunan yabo.

Tun daga ranar nake tunanin abin da sharhin irin wannan littafi yake buƙata. Labarin soyayya in ka ce a ƙarshe an ɗaura aure, ba ka rage wa kowa komai ba, dama kowa ya san can aka nufa. Labarin bincike kuwa ƙarshensa shi ne jarinsa. Nan wahalar take: abin da ya fi cancanta a ɗora a sikeli, wato yadda aka warware ƙullin, shi ne abin da bakinka ba shi da izinin furtawa. Tamkar a ce wa alƙali ya yanke hukunci amma kada ya karanto hujja. Kuma dole hukuncin ya fito, don sharhin da ba ya iya cewa nan an yi daidai, nan an kauce, talla ne kawai.

Turawa sun riga mu cin karo da wannan matsala, tunda sun riga mu mai da irin wannan labari sana'a. Galibi ana ƙirga farkonsa daga wani gajeren labari da Edgar Allan Poe ya fitar a Amurka a 1841, sannan Arthur Conan Doyle ya fito da mai binciken nan na labaransa, Sherlock Holmes, a 1887 abin ya game duniya. Akwai wasan kwaikwayon Agatha Christie da aka fara nunawa a Landan a 1952, wanda a ƙarshen kowane wasa ake roƙon 'yan kallo su riƙe sirrin, kada su faɗa wa wanda bai gani ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a sharhin irin waɗannan littattafai su ma marubutansu ne. Dorothy Sayers ta yi wa jaridar Sunday Times wannan aiki daga 1933 zuwa 1935, tana tsakiyar rubuta nata. Anthony Boucher ya riƙe fili a New York Times daga 1951 har rasuwarsa a 1968. Mai girki ne yake ɗanɗana miyar wani, ya san abin da aka sa da abin da aka manta. Wannan yana da amfani, yana kuma da haɗari, zan zo kansa.

Amma son hujja ba daga wurinsu muka koya ba. Duk yaron Daura ya san cewa da gari ya waye aka tarar da macijin rijiyar Kusugu a mace, mutane da yawa sun ce su suka kashe shi. Kamar yadda ake ba da labarin, sai aka ce to, kowa ya kawo kan. Masu bugun ƙirji suka watse, har aka kai ga baƙon da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, kan kuma yana wurinsa. A cikin Suratu Yusuf ma mun karanta yadda wani mai shaida ya ce a dubi rigar: in ta gaba ta tsage, ga mai gaskiya, in ta baya ce, ga mai gaskiya. Babu wanda ya ga abin da ya faru a ɗakin, amma yagar riga ta yi magana. Wanda ya tashi da waɗannan a kunnensa ba baƙo ne a labarin bincike ba.

Ma'aunin da na fi dogara da shi kuwa daga dandali na samo shi. Da muna yara, in aka yi maka kacici-kacici ka kasa, sai ka ce "na ba ka gari," sannan a faɗa maka amsa. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Da aka ce wuta da hayaƙi, sai ka dafe kai, don amsar tana cikin maganar tun farko, kai ne ba ka gani ba. Amma da a ce bayan ka ba da gari an ce maka amsar ita ce raƙumi, ai faɗa za a yi, don an cuce ka. Labarin bincike kacici-kacici ne mai shafi ɗari biyu. Tambayata ta farko ga kowane littafi ita ce: da na ba marubucin nan gari, dafe kai na yi, ko ji na yi an cuce ni?

Don in amsa wannan, sau biyu nake karanta littafi. Karatun farko na mai karatu ne zalla, a kan tabarma bayan isha'i, ba na neman kuskuren kowa. Abu ɗaya kawai nake yi: ina ajiye 'yar takarda a gefe, duk lokacin da zuciyata ta zargi wani sai in rubuta sunansa da lambar shafin. In na gama sai in dubi takardar. In suna ɗaya ne tun daga shafi na 20 har ƙarshe, kuma shi ne, to ƙullin bai ɗauru ba. In sunaye huɗu ne ko biyar, kowanne da dalilinsa, to marubucin ya iya ɓad da sawu. Karatu na biyu kuma da fensir ne, bayan na san amsar. A nan nake bin mai laifin taku-taku: ina yake lokacin da abin ya faru, me ya ce, me marubucin ya nuna mani game da shi, me ya ƙi nunawa. Littafi mai kyau ya fi daɗi a karatu na biyu, don a nan za ka ga an yi ta gifta maka amsar a gaban ido kana kallon wani wuri.

Bari in ƙirƙiro misali, don kada in sake fasa ƙwan wani. A ce ana biki a wani gida a Ƙofar Marusa. Daren ƙunshi, amarya da ƙawayenta shida suna ɗaki ɗaya, an yaɓa masu lalle hannu da ƙafa, an ɗaure da leda. Da safe aka buɗe akwatin lefe, babu sarƙar gwal. Kwaɗon akwatin lafiya lau, makullin yana ƙarƙashin katifa inda aka ajiye shi. Kowa ya san mai ƙunshi a hannu ba ta iya murɗa makulli, don haka zargi ya tafi kan 'yar aikin gidan da kishiyar uwar amarya. To, a babi na uku, ana tsakiyar hayaniyar karin kumallo, wata gwaggo ta kama hannun ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Ke kuwa lallenki na hannun dama bai kama ba. Wannan mai ƙunshin ta rage maki." Aka yi ta yi wa mai ƙunshi tsiya, aka wuce. Mai karatu ya yi dariya shi ma ya wuce. Sai a ƙarshe mai binciken ya tambaya: lalle ɗaya aka kwaɓa, mutum ɗaya ta sa, me ya sa hannu ɗaya cikin goma sha huɗu ya fito fari-fari? Don an cire shi da tsakar dare kafin ya kama.

Wannan shi ne ɓoyewa a fili. Yanzu a ce marubucin bai taɓa ambaton hannun nan ba sai a babin ƙarshe, mai binciken ya ce, "Dama tun ranar na lura lallenta bai kama ba." Labari ɗaya ne, ɓarauniya ɗaya ce, amma na biyun ha'inci ne. An riƙe wa mai karatu abin da ya kamata a miƙa mashi. Mafi yawan littattafan bincikenmu da nake karantawa a nan suke tuntuɓe, kuma gyaran bai fi jimla ɗaya ba.

To, ta yaya zan faɗi wannan a sharhi ba tare da na kama sunan ƙawar ba? Iyakata ita ce: ina iya ba da labarin har zuwa inda aka gano an yi laifi, aka kuma san waɗanda ake zargi. Daga nan sai in koma magana a kan aikin, in bar abin da ke ciki. Zan iya cewa, "An ajiye alamar tun a kashin farko na littafin, kuma an ajiye ta cikin raha, ni kaina na tsallake ta." Ko in ce, "Hujjar da aka kama mai laifin da ita ba ta bayyana ba sai a shafuka goma na ƙarshe." Mai karatu ya sami hukunci, marubucin ya san inda na dosa, sirrin yana nan. Akwai kuma fasa ƙwai na sata da mutane ba su lura da shi. In ka ce, "Za ku sha mamaki, wanda ba ku taɓa zato ba ne," ka riga ka cire duk waɗanda ake zargi, ka bar liman da kaka da mai ba da labarin. Mai karatu mai wayo ya gama. Ko yabon da ya yi yawa ga wani tauraro da ba shi da wani babban matsayi a fili, shi ma nuni ne da yatsa.

A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai, ya tsara dokoki goma. Wasu sun dace da mu kamar don mu aka yi. Ya ce dole a ambaci mai laifin tun da wuri a labarin. Ya ce duk alamar da mai bincike ya tsinta ya nuna wa mai karatu nan take. Ya ce kada a fito da tagwaye sai an share masu fage, kuma duk wanda ya karanta littattafanmu ya san sau nawa Hassan ya yi laifi aka kama Hussaini, ba tare da an taɓa ce mana akwai Hussaini ba. Akwai wadda ta hana sa ɗan ƙasar Sin a labari, saboda marubutan zamaninsa sun mai da shi mugun kowane littafi. Mu namu ɗan Sin ɗin ita ce kishiya, sai uwar miji, sai ɗan aiki, sai baƙon da Hausarsa ba ta fita. In na buɗe littafi na ga kishiya tana harare-harare a shafi na 5, kuma a shafi na 190 ita ce, sai in rubuta cewa marubucin bai nemi mai laifi ba, wanda al'umma ta riga ta yanke wa hukunci ya ɗauko.

Dokar da ta fi ba ni aiki ita ce wadda ta hana shigo da abin da ya wuce hankali, wato aljanu da tsafi da makamantansu. Knox a Ingila yake zaune. Ni kuma ina zaune a inda in an yi sata a gida, kafin a je wurin 'yan sanda an riga an je wurin mai duba. Marubucin da ya share wannan daga labarinsa gaba ɗaya ya yi wa rayuwarmu ƙarya. Don haka ba na ƙin littafi don akwai boka a ciki. Abin da nake dubawa shi ne aikin da aka ba shi. In mai duba ya buga ƙasa ya faɗi sunan ɓarawo, kuma shi ke nan an kama shi, to babu bincike, mai karatu ya yi wahalar banza, don shi ba shi da faifan ƙasa. Haka mafarki, haka mai aljanu da za su tashi su tona asiri. Amma a ce mai unguwa ya sanar cewa gobe bayan Juma'a kowa zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani, sai cikin dare aka ji tim a tsakar gida, an jefo ƙullin kayan ta katanga. Wannan yana faruwa a unguwanninmu, kuma abinci ne ga mai bincike: ta wace katanga aka jefo, wa ya san inda makewayi yake har ya kauce mashi, wa ya fita bayan an rufe ƙofar zaure? Tsoron rantsuwar ne ya motsa mai laifin, hankali kuma ya kama shi. Marubucin da ya gane wannan bambanci ina tsayawa in yaba mashi sosai, don ya samo abin da Baturen ba shi da shi.

Haka batun gawa. A littattafan Turai likita ne yake feɗe gawa ya faɗi lokacin mutuwa da sanadinta. A nan wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma dangi da yawa ba za su yarda a taɓa shi ba, za su ce sun bar wa Allah. In na ga marubuci ya ajiye gawar wani Alhaji kwana biyar a asibiti ba wanda ya ɗaga murya, na san fim ya kalla. Wanda ya san garinsa zai tuna cewa akwai masu wankan gawa. Tsohuwar da ta yi shekara talatin tana yi wa mata wanka ta san kalar farcen wadda ta mutu da zazzaɓi, ta san tabon da bai kamata ya kasance a wuya ba, kuma tarbiyyarta ita ce ta rufa wa mamaci asiri. Ga shaida da ta gani, ga dalilin da zai hana ta faɗa. Wane marubuci ne zai nemi abin da ya fi wannan?

Shirun shaidu ma a wurinmu yana da tushe. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Matar ɗa ba za ta dubi idon surukinta ta ce ta gan shi ba. Gida guda zai san mai laifi ya haɗa baki don rufin asiri. Sannan tsarin gidan kansa: ɗan sanda namiji iyakarsa zaure, sai an yi mashi iso. Waɗanda suke shiga har ƙuryar ɗaki ba a tambaye su ba su ne dillaliya, da mai kitso, da ungozoma, da almajirin gida, da 'yar talla. Ina duba ko marubucin ya san wa ke iya shiga ina. Ina duba lokaci kuma, don mu da salla muke auna shi. Na taɓa karanta rubutun da mutum ya yi magariba a Ƙofar Ƙaura, ya je Daura ya aikata abin da ya aikata, ya dawo aka gan shi a sahun isha'i. Tsakanin sallolin nan biyu sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci, tsakanin garuruwan kuwa zuwa kaɗai ya cinye ta. Bakatsine ko Badauri na karanta wannan zai ajiye littafin. Shari'a ma tana da abin da za ta ba marubuci: wanda ya kashe mutum ba ya gadonsa, kuma a mazhabar Malikiyya maganar wanda ake ji wa rauni kafin ya cika, cewa wane ne ya yi mani, tana da nauyin da za ta kai ga rantsuwa hamsin. Littafin da aka gina a kan rikicin gado marubucin bai san na farkon ba, ginin ba shi da harsashi.

Akwai wata hanyar tsira da marubutanmu suke yawan bi in labari ya cushe masu. Mugun ya haukace ya shiga kasuwa yana tona kansa, ko ciwon ajali ya kama shi ya kira dangi ya yi ta jawabi shafi shida. Na san daga inda wannan yake fitowa, don ni ma na taɓa kaiwa tsakiyar littafi na rasa mafita, na ji zuciyata tana ce mani in kwantar da mutumin nan a gadon asibiti in huta. Nadama gaskiya ce a rayuwa. Amma in ita ce ta warware ƙullin, to mai binciken da muka bi shafi ɗari da hamsin ɗan rakiya ne. Ina faɗin haka a sharhi, ba tare da na ce wa ya yi nadamar ba.

Sabon abin da ya ƙaru shi ne rubutun waya. Yanzu da yawa a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad ake sakin labari, shafi-shafi, kullum ko bayan kwana biyu. Ga labarin soyayya wannan ba laifi. Ga labarin bincike kuwa tarko ne. Marubuciya ta fara ba ta tsai da mai laifinta ba, ko ta tsayar, sai masu karatu suka canka tun a fitowa ta goma, sai ta ji haushi ta sauya shi. Duk alamun da ta shuka a baya sun zama marayu, sabon mai laifin kuma ba shi da sawu ko ɗaya. A karatu na biyu ana ganin ɗinkin ɓaro-ɓaro. Shi ya sa ba na sharhin labarin bincike sai an kammala shi, kuma shawarata ga masu yi ita ce a rubuta babin ƙarshe kafin a saki na farko.

Na ce zan zo kan haɗarin da ke tattare da marubuci mai sharhi. Sunansa "da ni ne". Kana karatu hannunka yana ƙaiƙayi: da ni ne da direban zan ɗora wa, da ni ne da a Jibiya zan kai labarin. In ba ka yi hankali ba sai ka auna littafin mutum da wanda kai za ka rubuta, wanda ma ba ka rubuta ba. Don haka kafin in fara nakan tambayi kaina me shi ya yi niyya. Wani wasan ƙwaƙwalwa ya nufa, wani kuma satar hanya ce kawai ta shiga cikin gidan attajiri ya nuna ruɓar da ke ciki. Kowanne da mudunsa. Sai kuma zumunci. Mu marubuta ba mu da yawa, a biki ɗaya muke haɗuwa, a jana'iza ɗaya. In ka faɗi aibi a ce hassada, in ka yi shiru ka ci amanar wanda zai fitar da kuɗinsa ya saya. Shi ya sa sharhinmu da yawa bai wuce "Allah ya ƙara basira" ba. Abin da nake yi shi ne, in na ga babban gibi sai in kira marubucin kafin in saki rubutuna, in ce, "Ranka ya daɗe, na nemi inda aka nuna kaza ban gani ba, ko na tsallake?" An taɓa ce mani duba shafi kaza, na duba na gani, na goge sakin layi guda. In kuma babu, ya ji daga bakina kafin ya gani a rubuce. Wanda ya ke abokina na kusa, ina faɗa wa masu karatu tun a layin farko.

Abu na ƙarshe da nake nema ya fi sauran nauyi a zuciyata. A 1944 Raymond Chandler, wani marubucin labaran bincike a Amurka, ya rubuta wata maƙala yana sukar labaran da ake kashe mutum a cikinsu don kawai a sami gawar da za a yi lissafi a kanta. A jiharmu wannan suka tana da wani ɗaci na daban. Masu karanta mu akwai 'yan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, akwai waɗanda suka kwana a daji, akwai matan da suka yi takaba wata huɗu da kwana goma ba su ga gawar mijin ba. Ba za ka miƙa masu kisa kamar wasan dara ba. Ina duba ko mamacin cikin littafin mutum ne: an yi zaman makokinsa, akwai wanda ya kasa cin abinci, akwai ɗan da yake tambayar yaushe Baba zai dawo? Kuma a wurin da kalmar "infoma" kaɗai ta isa a far wa mutum kafin a tambaye shi, ina lura da yadda littafi yake bi da wanda aka zarga bisa kuskure. 'Yar aikin nan ta gidan biki da aka mara, aka zazzage mata kaya a tsakar gida, da gaskiya ta fito an koma an ba ta haƙuri, ko marubucin ma ya manta da ita? Littattafai da yawa sun manta.

Kwanakin baya 'yar maƙwabcina, ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ta aiko ƙanenta da rubutunta a cikin leda, an buga an ɗinke. Na yi mashi karatu biyu. Takardata ta cika da sunaye biyar, mai laifin ya zo mani ba zato, amma a karatu na biyu na nemi sawunsa na rasa. Da ta zo gaishe ni muka zauna a zaure, na ce mata, "Kin ɗaure ni, amma ba ki ba ni bakin zaren ba." Ta ce, "Baba, ai in na nuna za a gane." Na ce ta nuna a inda ake kallon wani abu daban. Bayan mako biyu yaron ya dawo da ledar. Na sake karantawa tun daga farko, ina sane sarai da cewa ta ƙara jimla, ina kuma sane da wanda nake nema, na kai ƙarshe ban gan ta ba. Sai da na koma da fensir na tsince ta a shafi na 41, tsakanin gaisuwa da kawo ruwa. Wannan littafin in ya fito ba ni zan yi sharhinsa ba, tunda hannuna ya taɓa shi. Na riga na yi wa wani abokin aiki magana, na kuma roƙe shi ya karanta sau biyu.